Shatin Farce a Jikin Alhaji

Ni dai aikin tuƙi aka ɗauke ni a gidan nan, ba wanka ba. Shekara talatin da takwas ina riƙe da sitiyarin Alhaji, tun yana ƙaramin ma'aikaci mai mota ɗaya har ya zama babban sakatare, har ya yi ritaya ya koma zaman baranda yana faɗa da jarida. Da hawan jini ya kayar da shi, ɓarinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke, sai aka yi zaman iyali a babban falo aka ƙara mini girma. Aka ce daga yau ni ne mai yi wa Alhaji wanka.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. 'Ya'yansa mata suna gidajen mazajensu, kuma ko suna nan ba aikinsu ba ne. Babban ɗansa, wanda muke ce wa Injiniya, yana zaune da iyalinsa a sashen baya, amma ya ce shi idonsa ba zai iya kallon tsiraicin mahaifinsa ba, kowa kuma ya yaba masa da wannan kunya. Hajiya ta haura sittin da biyar, gwiwa ta ƙi, ba ta iya ɗaga mutum. Sai aka nemi wanda ba ɗa ba, ba kuma baƙo ba, aka waiga aka gan ni. Karatuna aji huɗu ne a firamaren ƙauyenmu can Jigawa, amma ran nan na zama ma'aikacin lafiya, ko jarrabawa ba a yi mini ba.

Aikin ba wuya. Ƙarfe takwas na safe in turo keken guragu, in kai shi banɗaki, in zaunar da shi a kujerar roba, in cuɗa shi da soso kamar yadda nake wanke mota, daga sama zuwa ƙasa. Mutumin da in ya yi gyaran murya a bakin get har kuku sai ya saki ludayi, ya dawo ina ɗaga shi da hannu biyu ba nishi. Duk maganar duniya da ya sani, Hausa da Turanci da ɗan Larabcinsa, kalma ɗaya ciwon ya bar masa: “To.” In ka gaishe shi, to. In ruwa ya yi zafi, to. Ni da na sha faɗansa shekara da shekaru, ba zan ɓoye ba, makon farko na ɗan ji daɗin hira da shi.

A wata na huɗu na ga abin. Na ɗaga hannunsa na hagu zan cuɗa hammata, sai ga wani tabo a cikin damtse, jini ya kwanta baƙi kamar ƙwallon dabino, da shati biyu ƙanana a gefe da gefe. Na ce sauro ne. Sauron unguwarmu Nassarawa ƙosasshe ne, yana kwana a lambu yana shan jinin manya. Washegari na ga wani a kwiɓi. Bayan kwana biyu, wani a cinya. Na taɓa da yatsa, Alhaji ya zabura, sannan ya juya ido ya kafe bango.

Abu biyu na lura da su, su ne suka hana ni sukuni. Duk tabon a ɓarin hagu suke, ɓarin da yake ji. Kuma duk a inda riga take rufewa suke. Sauro ba ya wannan lissafin. Wani ne a gidan nan yake cutar mutumin da ba ya iya faɗa, kuma duk faɗin gidan ba mai ganin fatarsa sai ni.

Na rufe famfo, na durƙusa a gabansa, na ce, “Ranka ya daɗe, wa yake yi maka wannan?”

Ya ce, “To.”

Na ce, “Na gode, bayani ya gamsar.”

Daga ranar na buɗe bincike. Da yake ni mai adalci ne, da kaina na fara. Na duba faratana, na ga ba laifi a zarge su, na yanke su har sai da suka yi jini. Tabo bai fasa fitowa ba, sai na sallami kaina.

Na biyu shi ne mai gashin ƙashi da ke zuwa sau uku a mako, wani dogo mai yawan murmushi. Tun farko ban yarda da shi ba, don duk mai lanƙwasa hannun dattijo yana ce masa “madalla, Baba” yana da abin da yake ɓoyewa. Na dinga zama a ɗakin ina yi kamar ina ninke tawul. Tawul ɗaya na ninke shi ya fi sau ashirin. Amma mutumin nan ɓarin da ya mutu kaɗai yake taɓawa, ta saman riga ma. Sannan ya tafi garinsu bikin ƙanwarsa ya yi mako biyu, tabo uku suka fito ba ya nan. Haka na sallame shi ba don raina ya so ba.

Sai Injiniya. A nan ne na ce na kama ɓarawona, don na san abin da ke tsakaninsu. Alhaji mutum ne mai saurin hannu. Yaron nan tun yana firamare, in ya zo na uku a aji, ko ya fasa kofi, ko ya yi dariya a inda ba a ce a yi ba, sai Alhaji ya leƙo ta taga ya ce, “Direba, kawo fambel.” Akwai wani tsohon fambel da na cire wa mota na rataye a gareji, shi ne bulalar gidan. Ni nake kawowa, ni nake mayarwa. Yanzu ga yaron ya yi furfura a gemu, ga uban a kwance kamar tsumma, kuma kullum da yamma in ya dawo daga ofis sai ya shiga ɗakin ya turo ƙofa ya yi minti goma. Wa zai ce mini ba shi ba ne?

Na samo butar ban ruwa na koma ƙarƙashin tagar ɗakin ina shayar da wata fulawa da ta bushe tun bara. Mai lambu ya gan ni ya ce, “Baba, wannan ai ta mutu.” Na ce masa rai na Allah ne, ya je ya yi aikinsa. Na kasa kunne kwana biyar. Abin da na ji shi ne Injiniya yana karanta wa ubansa labarai daga waya, yana gaya masa an yi ruwa a Badawa ba a yi a nan ba, injin wuta yana son gyara, jikarsa ta haddace izu biyu. Alhaji yana cewa to. Wannan bai wanke shi a wurina ba, don mutum yana iya karanta labarai da baki hannu yana wani aikin. In ya miƙo mini makulli sai in tsaya ina nazarin yatsunsa, har ya tambaye ni ko idona ne ya fara.

Da na ga abin ba ya ƙarewa, na ce bari in tsare shi da hujja in ga yadda fuskarsa za ta yi. Wata Asabar ina cikin wanka na aika a kira shi. Ya zo ya tsaya a ƙofar banɗaki, yana hango kafaɗar uban ba riga sai ya juya baya da sauri ya fuskanci waje.

“Baba direba, lafiya? Rufe shi mana.”

“Injiniya, abu nake so ka gani da idonka.”

“Faɗa mini, ina ji.”

“Ba na ji ba ne, na gani ne. Tabo ne a jikinsa, nan da nan da nan.”

Ina nunawa yana kallon silin ɗin falo. Ya ce likita ya riga ya gaya musu, maganin tsinka jinin da Alhaji yake sha yana sa jini ya kwanta ko an ɗan taɓa mutum. Na ce maganin yana da farce? Sai ya sassauta murya irin ta masu ilimi in za su yanka ka.

“Baba, ko dai wajen ɗagawa kake ɗan matsa masa? Kai ma fa girma ya zo. In aikin ya yi maka yawa ka faɗa, sai a nemo wanda ya karanta abin.”

Na ce a'a, aiki bai yi yawa ba. Ya tafi bai juyo ba. Ni da na kira mutum in tuhume shi, na tashi da tuhuma a wuyana. Na kuma gane cewa in na sake buɗe baki, ni za a cire, a kawo baƙon da za a ce masa magani ne ya ce to, shi ma kamar Alhaji. Abu ɗaya dai na ƙaru da shi. Mutumin da ba ya iya kallon kafaɗar ubansa, da wuya ya cusa hannu cikin rigarsa. Na rage masa zargi zuwa rabi, na ajiye rabin saboda gaba.

Da la'asar na koma ɗakinmu na boskwata na tarar da uwar 'ya'yana tana yanka kuɓewa a tire. Shekararmu arba'in da ɗaya tare, kuma ba na kai mata maganar cikin gida, don ita in ta ji abu sai ta faɗi ra'ayinta. Ran nan dai ciki ya cika, na zayyana mata komai. Ba ta ɗago ba. Ta ce a ina da ina? Na faɗa. Ta ce yaya girmansa? Na nuna. Sai ta ajiye wuƙa, ta goge hannu a zane, ta ce in matso. Na matso kamar mutumin kirki. Ta zura hannu cikin hannun rigata ta kama naman damtsena ta murɗa.

Sai da na ga wuta. Na janye riga na duba, ga shati biyu gefe da gefe, sak.

Ta ce, “Haka yake?”

Na ce, “Ke, da baki ma ai zan gane.”

“Ba za ka gane ba, Malam. Wata nawa kana bin maza da buta. Ka taɓa ganin namiji ya tsaya mintsini? Ku mari kuka sani da naushi. Wannan hannun mace ne, macen da ta yi raino, ta san inda ake kama yaro a gaban baƙi ba a gani.”

Na ce to wace mace? Matar Injiniya ba ta shiga ɗakin surukinta, daga bakin ƙofa take durƙusawa ta gaishe shi ta tashi. Mai aiki ba ta wuce kicin. Ba macen da ke shiga sai Hajiya, ita ke ba shi abincin rana, ta kuma rufe ƙofa don kada a ga kunu yana zubo masa ta gefen baki. Ina kaiwa nan na ji abin da bakina ya faɗa, na ce a'uzu billahi.

Na ce, “Matar da ba ta tashi daga kan darduma? Matar da ko ƙuda ba ta yi wa tsawa?”

Ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da yanka. Ta ce, “Sau nawa ka kai ta asibiti?”

Wallahi har ga Allah, duk binciken nan da na yi, wannan bai zo mini a rai ba ko sau ɗaya. Fambel na tuna, don dukan yaro abu ne da ake yi a tsakar gida kowa na ji. Na Hajiya kuwa a ɗaki ake yi, a ƙure rediyo, da safe Alhaji ya kira ni ya ce, “Santsin banɗaki ya kwashe Hajiya, ka kai ta a duba ta.” Ba asibitin da ke kusa ba, inda matan abokansa suke zuwa. Wani ƙarami can bayan Kawaji. Ta fito ta rufe fuska da mayafi, ta shiga baya, in ja. In mun isa ni nake karɓar kati, ni nake cewa santsi ne. Na faɗa har na yarda. Har na taɓa ba Alhaji shawarar a canza tayil ɗin banɗakin, ya ce zai duba.

Ina zaune ina wannan tunanin sai uwar 'ya'yana ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, “Kai ma akwai guda ɗaya a wurina. Shekarar da muka zo Kano, a kan tuwo ya yi ruwa.”

Na ce, “Wannan ai an wuce wurin. Na ba ki haƙuri har da turmin atamfa.”

Ta ce, “An wuce. Atamfar ta daɗe da yagewa.”

Tun daga ranar, in ta miƙo mini ruwa sai na dubi hannun kafin in dubi kofin. Na kuma fara shan maganin hawan jinina a kan lokaci, abin da likita ya yi shekara uku yana roƙona.

Duk da haka ban yanke hukunci da maganar mace ɗaya ba. Ni nake yi wa Alhaji alwalar azahar, ni nake yi masa ta la'asar, abincin rana kuma a tsakaninsu yake. Sai na ƙirƙiro canza masa riga sau biyu, na ce zafi ne. Ran Litinin kafin azahar tabo huɗu, bayan la'asar huɗu. Talata huɗu, huɗu. Har na fara shirin zuwa in yi wa uwar 'ya'yana dariya. Ran Laraba kafin azahar huɗu, bayan la'asar biyar, sabon yana ja bai ma yi baƙi ba. Ba wanda ya shiga ɗakin sai mutum ɗaya, ina zaune a gindin mangwaro ina kallon ƙofar.

To, ga ɓarawo na kama, wa zan kai wa? In je in ce wa Injiniya uwarka ce? Ko dai ya kore ni a ranar, ko ya yarda, wanda ya fi korar muni. In yi shiru kuma, gobe akwai abincin rana. Ita kanta Hajiyar, tun da nake ban taɓa tsayawa gaba da gaba na yi magana da ita ba. Daga bayan labule nake gaishe ta. Fuskarta ma a madubin mota na san ta, daga goshi zuwa hanci. Wuri ɗaya ne a duniya da direba yake iya yi wa matar gida magana mai tsawo ba a ce ya yi rashin kunya ba, shi ne a mota, yana kallon gabansa tana kallon ƙeyarsa.

Duk Alhamis nakan kai ta Giginyu gaida yayarta. An daɗe da hana ni doguwar tafiya saboda ido, amma wannan ta ce ba mai kai ta sai ni. Muka fito, na bi a hankali ƙarƙashin darbejiyoyin layinmu, na bar 'yan adaidaita sahu suna wuce ni suna zagi.

Na ce, “Ranki ya daɗe, akwai 'yar magana a kan wankan Alhaji.”

“Sabulu ne ya ƙare?”

“Sabulu na nan. Jikinsa ne. Akwai abin da yake cizonsa tsakanin azahar da la'asar.”

Muka wuce gida huɗu. Ina jin ƙarar carbinta, sai na ji ta tsaya.

Ta ce, “Ashe idonka na gani, Malam. Na ɗauka tun da can ba ya gani.”

Na ce, “Yana ɗan taɓawa.”

“In za mu je wurin likitan nan na bayan Kawaji, me kake ce wa mai ba da kati?”

“Santsi.”

“Ni na ce ka faɗa?”

“Alhaji ne ya ce.”

“Sau nawa?”

“Ban riƙe ba, ranki ya daɗe.”

“Sha ɗaya. Waɗanda suka kai ga mota ke nan. Ranar da haƙorina ya fita, wa ya wanke kujerar nan da nake zaune?”

Na ce ni ne. Ta ce na wanke ta tas kuwa, har da turare. Muryarta ba ta tashi ba, kamar tana aikena cefane.

“Ka gaya wa yaron?”

“Na gwada nuna masa, bai duba ba. Ban ambaci kowa ba.”

“To me kake so?”

“A daina, ranki ya daɗe. Mutumin nan yanzu ko ƙuda ba ya iya korewa.”

“Ni a lokacin me nake iya korewa?”

Sai na danna wa wani mai keke ham ba laifin komai. Muka shiga layin yayarta na tsaya a ƙofar gida, amma ba ta buɗe mota ba.

Ta ce, “Ba shiryawa nake yi ba. Ina ba shi kunu lafiya lau, sai in ya ɗan yi zafi ko cokali ya taɓa masa haƙori, ya ɗago ya yi mini kallon nan. Ka san shi. Bakin ya mutu, hannun ya mutu, kallon yana nan. Kafin in ankara hannuna ya tafi. In koma ɗaki in yi ta istigfari, in ce ba zan ƙara ba.” Ta gyara mayafi. “Daga gobe kai za ka ba shi. Tunda kai ne mai tausayi.”

Na ce na karɓa. A raina na ce shi ke nan, na kashe wutar cikin ruwan sanyi, ashe ni ma da an bar ni na yi karatu da alƙali zan zama.

Washegari na shiga da kwanon kunun gyaɗa na zauna, na ɗebo cokali na ce bismilla. Alhaji ya datse baki. Na yi lallashi, na yi barkwanci, har na tuna masa ni ne fa direba. Ya kafe ƙofa da ido. Da yamma ma haka, ruwa kaɗai ya karɓa. Rana ta biyu na canza zuwa fate, na kawo farfesun kaza, ya kawar da kai. Na fara zarginsa shi ma. Na ce ko dai so yake ya mutu a hannuna a ce ni ne? Ai zai iya. Rana ta uku idonsa ya faɗa, Injiniya ya shigo hankali a tashe yana waya da likita, ana maganar zura masa roba ta hanci. Na hana a mintsine shi, ga shi zan kashe shi da yunwa.

Bayan azahar ina zaune da kwano a hannu, sai na ji takun sandarta. Ta shigo ta miƙo hannu, na ba ta kwanon na miƙe zan fita.

Ta ce, “Zauna, Malam. Ƙofar ma bar ta a buɗe.”

Na rasa inda zan sa kaina, sai na zauna a ƙasa wajen ƙafafun gado, na ba su baya ina fuskantar kabad, na kama ƙafar Alhaji ina matsawa don a ce ina da aiki. Na ji cokali ya taɓa kwano. Na ji ya haɗiya. Kwana uku ina fama, ita ko bismilla ba ta gama ba ya buɗe baki.

A cokali na huɗu ko na biyar ta fara magana, a hankali, ba da ni ba.

“Alhaji, ka tuna shekarar da muka tare a gidan nan? Ranar da baƙinka suka zo daga Kaduna, ka ce miya ta yi gishiri. Ka jira sai da suka tafi.”

Ta ba shi labarin tun daga farko har ƙarshe, da abin da ya riƙe, da inda ya same ta, da abin da ta ce wa mahaifiyarta da ta ga tana ɗingishi. Tana faɗa tana ba shi kunu, tana goge masa gefen baki. Da kwanon ya ƙare labarin ya ƙare. Alhaji ya ce, “To.” Ta tashi ta fita.

Haka muka koma yi kullum. Rana ɗaya, labari ɗaya, kwano ɗaya. Wasu na san su, har sunana yana fitowa a ciki: “Sai ka kira direba.” Da yawa ban taɓa sani ba, don ba su kai ga mota ba. Ni dai ina matsa ƙafa, kunnena a kan labari, rabin hankalina a kan hannunta, don akwai madubi a jikin kabad ɗin kuma na iya aiki da madubi. Sau biyu na ga hannun ya bar cokali ya nufi rigarsa. Na farko na yi tari, ta mayar da shi kan gwiwarta. Na biyu kafin in yi tarin ta mayar da kanta, ta ce, “Na gani, Malam, ba sai ka shaƙe ba.”

Wata rana yana cikin ci hawaye ya zubo masa ta ido ɗaya. Ko nadama ce, ko haushi ne an tsare shi ba ya iya ramawa, ko ciwon ne kawai, ban sani ba, kuma ban ba shi shaidar kirki a kai ba. Ta sa tawul ɗin da take goge kunu ta goge, ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Da safe kuwa ina nan ina dubawa, hammata, kwiɓi, cinya, har bayan gwiwa da tsakanin yatsu, ko an canza wuri. Tsofaffin suka dushe suka ɓace. Sabo bai fito ba.

Mun yi kusan mako bakwai a haka. Ran nan ta zo ta ba shi rabin kwano ba labari, sannan ta ce, “Iyakar abin da na tuna ke nan, Alhaji. Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba. Ina dubawa.” Sai ta juyo wajena. “Malam, akwai wanda na manta?”

Akwai. Na so in ce babu, don a tashi lafiya. Amma na ga in na ce babu, kuma wata rana ta tuna da kanta tana riƙe da cokali, ban san inda hannun zai je ba. Na ce wa kabad, “Akwai na hanyar filin jirgi, ranki ya daɗe. Ranar da za ku tafi Umara, kika manta takardar allura a gida. A cikin mota ne. Ina tuƙi.”

Ta ce, “Haka ne. Kai me ka yi?”

“Na ƙara wa rediyo murya.”

Ta ce, “To ba shi labarin, kai ka fi ni gani.”

Na ba shi, tun daga shataletale har inda muka tsaya ta wanke fuska da ruwan gora. Ita kuma tana ba shi sauran kunun har ya ƙare.

Alhaji ya ƙara shekara ɗaya da wata biyar a duniya, ban sake ganin komai a jikinsa ba. Hajiya ta ci gaba da ba shi abinci, wani lokaci shiru, wani lokaci ta gaya masa wanda ya haihu da wanda ya rasu. Ta sha ce mini in je in huta, ba sai na zauna ba. Nakan ce ƙafar Alhaji ce take son matsa. Ban tashi daga wurin nan ba ko rana ɗaya.